Inshorar Naira 15,000 ba ta ɗaukar nauyin wasan mota

Rubutun nan dogo ne, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare. Na 'yan makaranta ne, musamman ƙannenmu da Allah Ya hore wa mota mai gudu, da kuma mu da muke tsayawa a gefen titi muna yi musu tafi muna ɗaukar bidiyo.

Lokacin ya sake zagayowa. 'Yan ajin ƙarshe sun kusa ajiye biro, za a sa fararen riguna a yi ta rubuce-rubuce a jikinsu, daga nan kuma sai motoci. Duk wanda ya yi ko shekara biyu a jami'a a nan Kudu ya san tsarin: ayarin motoci, mutum uku zaune a kan taga, wani a saman but, ham ta ko'ina. Ana isa shataletale sai a buɗe fili, wani ya shigo da Benz ko BMW ya yi ta juya ta, taya na kuka, hayaƙi ya turnuƙe. A gida ma ba baƙon abu ba ne. Wasan motar da ake yi ranar ɗaurin aure a Kano da Kaduna da Abuja shi ne dai wannan, kaya kawai aka canza.

Bari in faɗi matsayata tun da wuri, kada a ce hassada ce. Ina son mota. In na ji rurin injin V8 sai na waiga, ko ina tsakiyar karatu. Ban ga laifin ɗalibin da ya samu mota ta halal ya ji daɗinta ba. Maganata biyu ce kawai. Ta farko, sabuwar mota mai gudu sai an koye ta, kuma titin makaranta ba wurin koyo ba ne. Ta biyu, takardar inshorar da ke cikin aljihun motar nan tana daina aiki daga daƙiƙar da aka fara wasa ko tsere. Mafi yawan masu yi ba su san da wannan ba, sai ranar da abin ya faru.

Mu fara da motar kanta.

Kusan dukkanmu da Corolla ko Camry ko Honda muka koyi tuƙi. Waɗannan ƙafafun gaba ne ke jan su. In ka shiga kwana da gudu fiye da kima, hancin motar ne zai ƙi juyawa, kana ɗaga ƙafa daga totur sai ta dawo hanya. Mota ce mai haƙuri, tana yafe kuskure. Su kuwa Mustang da Camaro da yawancin BMW da Lexus IS da Benz C-Class, ƙafafun baya ne ke tura su. In ka taka totur da ƙarfi a tsakiyar kwana, gindin motar ne zai fita, sai ka ga kana kallon inda ka fito. A lokacin, abin da jikinka ya saba yi a Corolla, wato cire ƙafa farat ɗaya ko danna birki da ƙarfi, yana iya sa ta fizgo ta ɗaya gefen. Shekara biyar ɗin da ka yi kana tuƙi ba ta koya maka wannan ba, domin motarka ta da ba ta taɓa yi maka shi ba.

Sai ƙarfin inji. Corolla mai inji lita 1.8 tana da ƙarfin doki wajen 130. Lexus IS 350 tana da sama da 300. Mustang GT ta shekarun baya-bayan nan ta haura 400. Ma'ana, takun da ka saba yi don ka wuce Micra a hanyar Ojoo, shi ne takun da zai kai ka bayan tirela kafin ka gama numfashi. Ga shi motocin nan ba sa bari ka ji gudun a jikinka. Ba ƙara, ba girgiza, ga sanyin AC, kana kilomita 120 kana ji kamar kana 70.

Bari mu yi ɗan lissafin da muka yi a sakandare. Mota mai gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 80 tana cin mita 22. A ce direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya cur daga ganin mutum zuwa taka birki, wanda wannan ma sai mai natsuwa, wanda ba ya kallon waya. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, mai gudun 40 zai buƙaci ƙarin wajen mita 9 kafin ya tsaya, jimilla mita 20. Mai gudun 80 zai buƙaci ƙarin wajen mita 36, domin in gudu ya ninka sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. Jimilla mita 58. Ku lura da wannan da kyau: a daidai wurin da mai gudun 40 ya tsaya cak, mai gudun 80 ko birkin bai kai ga takawa ba. Yarinyar da ta fito daga ɗakin karatu tana tsallaka titi, da cikakken gudun 80 zai same ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Ita ce kuma ta ce haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Wato mu kenan, da ƙannenmu.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, motar da muke ce wa sabuwa, sabuwa ce a hannunka kawai. Tokumbo ce. Da yawansu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka aka sayo su, aka kawo Legas mai gyaran bodi ya miƙe su, aka fesa fenti. Daga waje tana walƙiya. Amma jakar iskar da ke cikin sitiyari, tana nan ko an rufe gurbinta ne kawai aka kashe fitilar gargaɗi? Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma da ita ake binciko tarihinta a intanet, sau da yawa har da hotunan ranar da aka yi gwanjonta. Mutum zai kashe miliyoyi a kan mota, amma ya ƙi ɓata minti goma a kan wannan binciken.

Taya ma haka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana faɗa cewa taya shekara huɗu take yi. Wasu motocin ma da tayar hunturu suke zuwa, wadda aka yi don ƙanƙarar Kanada, robarta mai laushi ce, zafin kwaltarmu cinye ta yake yi. Man birki kuwa ruwa yake zuƙa daga iska a hankali, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu. In ya tsufa kuma aka gasa birki da gudu da tsayawa a jere, tafasa yake yi, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. A zirga-zirgar yau da kullum daga Bodija zuwa makaranta ba za ka taɓa gane haka ba. Ranar wasa yake bayyana.

Akwai kuma wani maɓalli da samari suke ji da shi, wanda ke kashe na'urar hana santsi. Ita wannan na'urar ce take rage wa inji ƙarfi, ta kama birkin ƙafa ɗaya-ɗaya in ta ji motar za ta kauce. Ba za ka iya juya mota a shataletale ba sai ka kashe ta. To ka ga ke nan, matakin farko na wasan shi ne ka sallami mai gadin da injiniyoyi suka saka maka.

Mu 'yan Arewa ai bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, jikokin mahaya ne mu. Wa ya taɓa ganin an sayo sabon ingarma yau, gobe an shiga hawan Sallah da shi cikin taro? Sai an yi ta fita kilisa da shi bayan gari, mahayi ya san bakinsa, ya san abin da ke firgita shi, ya san inda yake jin linzami. Sukuwa kuma fili gare ta, ba a yin ta a tsakiyar kasuwa. Kakanninmu sun ba doki ɗaya wannan girman. Mu muna da doki 300 a ƙarƙashin ƙafa, amma mako guda ba ma iya ba su.

Yanzu ga maganar inshora, wadda ita ce ainihin dalilin rubutun nan.

Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota ita ce ta ɓangare na uku. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a kan hanya, shi ya sa kowa ya ruga ya yi. Amma me ka saya da wannan kuɗin? Ka sayi alƙawarin cewa in ka ji wa wani rauni, ko ka yi sanadin ransa, ko ka lalata masa dukiya, kamfani zai tsaya maka. Na dukiya iyakarsa Naira miliyan 3 ga motar gida. Motarka kuwa ba ta ciki, ko fitila ɗaya. Kuma a farashin yau, in ka daki gefen wata Benz ɗin ɗan'uwanka, miliyan 3 tana iya ƙarewa tun kafin a zo kan fenti.

Wadda take ɗaukar motarka ita ce cikakkiyar inshora, kuma a wancan tsarin na NAICOM an ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar miliyan 30, Naira miliyan ɗaya da rabi kenan duk shekara. Ɗalibai nawa ne masu irin motocin nan suke biyan wannan? Ku tambayi na kusa da ku, za ku sha mamaki. Mutum yana da kuɗin sabon rim da kuɗin canza salansa don ta yi ƙara, amma a takarda shi da mai Micra matsayinsu ɗaya.

To ko da ka yi cikakkiyar, ga inda gizo ke saƙar. Ɗauko takardar shaidar inshorarka yanzu, ka nemi sashen da ya yi maganar iyakokin amfani da mota. Za ka ga an rubuta cewa an rufe ka a zirga-zirgar gida da ta nishaɗi da ta aikinka. A ƙasa kaɗan za ka ga abubuwan da aka cire: haya, tsere, share wa masu tsere hanya, gwajin juriya, gwajin gudu. Wannan tsohon sharaɗi ne da muka gada daga tsarin inshorar Ingila, kuma kusan kowace takardar mota tana ɗauke da shi. Ga kuma sharaɗin cewa mai mota zai ɗauki matakan da suka dace don kare ta daga lalacewa. Mutumin da ya kashe na'urar hana santsi da hannunsa, ya yi ta juya mota a tsakiyar taro, da wane bakin zai ce ya kare ta?

Wani zai ce, ai ba sai na faɗa musu abin da nake yi ba, sai in ce taya ce ta fashe. Malam, wayoyi hamsin ne suka ɗauke ka. Kafin motar janwe ta iso, bidiyon yana TikTok da Instagram, da lambar motarka a fili, har da waƙa a bayansa. Kai da kanka ka sa abokinka ya tsaya a wuri mai kyau ya ɗauka. Kamfanin inshora ba ya buƙatar ɗan bincike, mun riga mun haɗa masa shaida kyauta. Ƙarya a wurin neman biya kuma zamba ce, ta fi ƙarfin a hana ka kuɗi kawai.

Akwai sauran ƙofofin da biya ke zurarewa ta cikinsu. In ka yi wa inji ƙari, ko ka sa an taɓa kwamfutar motar don ta ƙara ƙarfi, ba ka sanar da kamfani ba, ka ɓoye abin da ya shafi yarjejeniya. In ka miƙa wa aboki makulli alhali ba shi da lasisi, wai ya ɗana, wannan ma wata ƙofar ce. In an sha wani abu, ba sai na ƙarasa ba. Kuma duk wannan a kan takardar gaskiya muke magana. Wadda wani ya buga maka a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi, ita dama ba ta taɓa zama inshora ba. Akwai rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, inda za ka sa lambar motarka ka ga ko takardarka tana ciki. Minti biyu ne a waya.

To a ina masu son gudu za su yi gudunsu? A ƙasashen da abin ya kafu akwai abin da suke kira ranar fili. Filin tsere kamar Silverstone a Ingila ko Kyalami a Afirka ta Kudu yakan buɗe wa masu motocin gida, ka biya ka shiga da motarka. Abin da zai ba ku mamaki shi ne yadda doka ta fi yawa a can fiye da kan titi. Da safe sai an tara direbobi an yi musu bayanin tutoci da ƙa'idoji. Sai da hular kwano. Kowa hanya ɗaya yake bi, babu mai tafiya a ƙasa, babu ɗan acaɓa, akwai motar asibiti a tsaye. A yawancin irin waɗannan ranaku an hana tsere da juna, an hana auna lokaci, wuce mota ma sai a miƙaƙƙiyar hanya ta gefen da aka amince. Sabon shiga yana iya ɗaukar malami ya zauna a gefensa. Wanda ya yi ganganci a ɗaga masa baƙar tuta, a fitar da shi.

Duk da wannan tsarin, inshorar titi ba ta bin su cikin filin. Wanda yake so sai ya sayi ta musamman, sau da yawa ta kwana ɗaya tak. Ita ma yawanci ɓarnar motarka kawai take ɗauka in ka yi karo, bayan ka fara biyan wani kaso mai tsoka daga aljihunka. In inji ne ya buga saboda wahala, naka ne. Al'adar filin ita ce kowa ya ɗauki asararsa, ko da wani ne ya shigo maka. A Nürburgring ta Jamus, wadda da'irarta ta arewa ta kai kusan kilomita 21, in ka daki shingen ƙarfe kai za ka biya kuɗin gyaransa, kuma kamfanonin inshora da dama a Ingila suna rubuta sunan wurin ɓaro-ɓaro a takardarsu cewa ba su ɗauke shi ba. Ku duba fa. Waɗannan mutanen suna da fili, da malamai, da motar asibiti, amma kamfani bai yarda ya ɗauki nauyinsu a kan kuɗin da aka saba ba. Mu kuma muna zaton takardar Naira 15,000 za ta ɗauki nauyin juya mota a gaban ɗakin kwanan 'yan mata.

Na san amsoshin da za su biyo baya a ƙasan rubutun nan, bari in tare su.

Na farko: Najeriya ba mu da fili, ina za mu je? Gaskiya ne ba mu da irin Silverstone, kuma wannan abin kunya ne ga ƙasa mai matasa masu son mota haka. Amma ba a ce babu komai ba. Akwai filin tseren Evbuobanosa a Jihar Edo. Akwai wuraren ƙananan motocin tsere na go-kart a Legas, inda da kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba za ka koyi yadda ake shiga kwana da yadda mota ke zamewa, kuma manyan direbobin Formula 1 kusan duka daga nan suka fara. A nan Ibadan ma ana yin bukukuwan motoci da aka shirya da izini. Rashin babban fili dalili ne na mu haɗu mu nema, bai zama lasisin mayar da titin makaranta fili ba. Wanda ba shi da bandaki a gida ai ba ya cewa tsakar masallaci ta halatta.

Wanda zai shiga irin waɗannan wuraren da motarsa, ga shawarata: ka je wurin kamfaninka ko dillalin inshora mai lasisi tun kafin ranar, ka faɗa musu gaskiyar abin da za ka yi, da wurin, da ranar. Ka nemi su ƙara maka sharaɗin a rubuce, da sa hannu da hatimi. Maganar baki ta wakili ba ta zuwa kotu. In sun yarda, ka biya ƙarin. In sun ƙi, to ka sani ranar kai ne inshorar kanka, kuma ƙa'idar masu wannan harka ita ce kada ka shiga fili da motar da ba za ka iya jure asararta ba. Ka kuma tambayi masu shirya taron: in mota ta ƙwace ta shiga 'yan kallo, wa zai biya? In suka fara kame-kame, ka juya.

Na biyu: ai inshora haramun ce. Wannan magana ce mai tushe, ba zan yi mata dariya ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba, amma a zama ɗaya ta halatta ta taimakekeniya. Ita ce takaful. Kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979. A Najeriya yau akwai irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, masu lasisin NAICOM, kuma suna yin na mota. Saboda haka ƙofar a buɗe take. Sai dai ka sani, takaful ma tana da sharuɗɗanta, kuma asusun na mahalarta ne. Ba adalci ba ne direban da ke lallaɓa motarsa don ciyar da iyali ya zuba gudummawa, kai ka cinye ta da hayaƙin taya.

Tunda mun shigo addini, mu ƙarasa. Wanda yake tsoron haramcin inshora, ya kamata tsoron jini ya fi damunsa. Hukuncin kisan kuskure a Musulunci sananne ne: diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Wannan na kuskure ne fa. Malamai su ne za su faɗa mana matsayin wanda aka gargaɗa, ya ga taro da idonsa, ya kashe na'urar kariya, sannan ya taka. Ita diyyar kuskure dangi ne suke haɗuwa su biya, kuma wannan tsarin na dangi yana cikin hujjojin da aka gina takaful a kai. Wato tun asali addini ya san ɓarnar mutum ɗaya tana faɗawa kan mutane da yawa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Na uku: kamfanonin nan ba sa biya, ɓata kuɗi ne. Akwai masu jan ƙafa, babu musu, kuma NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi saboda haka. Amma wanda ya sayi takardar bogi, ko ya karya sharaɗin da ke shafin farko, ba shi da bakin wannan ƙorafin. Ka riƙe naka ɓangaren tukuna, sannan mu taru mu matsa musu su riƙe nasu.

Na huɗu, wanda ba a faɗa a fili amma ana ji a rai: Alhaji zai biya. Wataƙila ya biya motar. Wataƙila ya biya asibiti. Ba zai iya mayar wa wata uwa ɗanta da ta sayar da gona ta turo karatu ba. Ba zai iya goge sunanka daga bidiyon ba, ko ya hana kwamitin ladabtarwa zama a kanka saura mako biyu ka gama.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, 'yan Arewa da ke karatu a nan. A gida in ka yi ɓarna, sunanka da na gidanku za a kira. A nan cewa za a yi Bahaushe ne. Waɗanda suke Ibadan a Fabrairun 2021 ba su manta da rikicin kasuwar Shasha ba, wanda ya faro daga sa-in-sa tsakanin mutane ƙalilan, ya ƙare da asarar rayuka da ƙona shaguna da gidaje, mutane suka bar garin da suka yi shekaru a ciki. Ba na fatan makamancinsa, amma wanda ya ga wancan ya san ƙaramar wuta ba ta da wuyar kamawa. In ɗan Arewa ya take ɗan gari da mota a wurin wasa, ba shi zai fara ɗanɗana fushin ba. Shi yana da gida mai katanga. Mai shayi da mai gyaran takalmi da mai tura baro a Sabo da Bodija, waɗanda ko ƙofar motar ba su taɓa taɓawa ba, su ne a bakin titi. Muna cin albarkacin zaman lafiyar da iyayenmu na Sabo suka yi fiye da shekara ɗari suna ginawa da mutanen garin nan. Bai dace mu sa shi a caca don bidiyon daƙiƙa talatin ba.

Ga ƙanena mai sabuwar mota, abin da nake roƙonka ba shi da yawa. Ka ba ta wata guda kana tuƙa ta kamar ta aro. Ka binciki lambar shasinta, ka duba shekarun tayoyinta, ka canza man birki, ka sa makaniken da ya san irinta ya duba ta da kwamfuta. Ka bar na'urar hana santsi a kunne, musamman a ruwan farko na damina lokacin da kwalta ke yin santsi kamar an zuba kuɓewa. Ka karanta takardar inshorarka daga farko har ƙarshe, shafuka kaɗan ne, ba su kai takardun kwas ɗaya ba. Dokar ƙasa ta ce 50 a cikin gari, 100 a babbar hanya irin ta Legas zuwa Ibadan, a cikin makaranta kuwa ka bi abin da aka rubuta a allo ko ƙasa da haka. Makullinka kuma ba abin rabawa ba ne.

Ga hukumomin makarantu, ba sai an jira an yi gawa ba sannan a fito da sanarwa. Sitikar shiga da mota a ɗaure ta da lasisi da inshorar da aka tabbatar a NIID. A makon gama jarrabawa a rufe shataletalen da kowa ya san nan ake yi. Ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu, na jihohi da na Musulmi, kuna shirya walima da wasan ƙwallo duk shekara. Ku ƙara da fita guda zuwa filin go-kart, a sa gasa, a ba da kofi. Wanda yake ganin ya iya, ga agogo nan zai raba gardama, ba ihun 'yan kallo ba.

Mu kuma 'yan kallo, mu ne man da wasan yake sha. Babu wanda zai ƙona tayar dubban ɗaruruwa a filin da babu kowa. In an buɗe da'ira a bana, kada ka tsaya a cikinta, kada ka ɗaga waya, ka ja hannun na kusa da kai ku matsa.

Wanda yake aiki a kamfanin inshora ko takaful a cikinku, don Allah ya yi mana ƙarin bayani a ƙasa kan yadda ake neman ƙarin sharaɗi na rana ɗaya. Wanda kuma yake da ƙane ko aboki mai irin motar nan, ya tura masa kafin makon gama jarrabawa. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya mayar da kowa gaban iyayensa da ƙafafunsa.